Ganuwar da ke Kewaye da Kansar Fankiriyas: Fa'idodi da Illoli

Dattijo a Jabo idan idonsa ya yi rawaya, fitsari ya koma kamar ruwan shayi, jiki na ƙaiƙayi, abin da za a ce shi ne shawara ce, a jiƙa sassaƙe. Sau da yawa kuwa hanta ce ke ciwo. Amma wani lokaci ƙari ne ya tsiro a kan fankiriyas, wata 'yar tsoka da ke kwance bayan tumbi tana samar da insulin da ruwan narkar da abinci, ya danne hanyar da ruwan maɗaciya ke bi zuwa hanji.

Abin mamaki game da wannan ƙari, ƙwayoyin kansar su ne 'yan tsiraru a cikinsa. Mafi yawansa, wani lokaci har kashi 80 cikin ɗari, nama ne mai tauri irin na tabo, wanda jiki da kansa ya gina a kewaye. Jiki ya ɗauka rauni ne yake ɗinkewa, raunin kuma ba ya warkewa, sai ginin ya yi ta kauri.

Illolin wannan ganuwa su aka fara gani, kuma suna da nauyi. A cikinta akwai wani sinadari mai tsotse ruwa ya kumbura, har ya matse ƙananan jijiyoyin jini su rufe. Maganin da aka ɗura wa majiyyaci ta jini, irin su gemcitabine, sai ya zaga jiki duka, ya gajiyar da shi, kaɗan ne ke isa inda ake so. Sojojin garkuwar jiki ma a bakin ganuwa suke tsayawa. Wasu ƙwayoyin ginin kuma ciyar da kansar suke yi, suna share mata hanya ta bi jijiyoyi, abin da ke jawo ciwon nan mai ratsawa daga ciki zuwa baya, wanda ke hana mutum kwanciya rigingine sai dai ya zauna a duƙe. Idan kuma ta tashi yaɗuwa, ba ko'ina take kamawa ba. Tun 1889 likitan Ingila Stephen Paget ya kwatanta yaɗuwar kansa da iri da ƙasa. Manomin Kebbe ya san wannan: shinkafa ba ta yi a jigawa, fadama take so. Ga wannan kansa, hanta ce fadamar.

To me zai hana a rushe ganuwar? An gwada. A 2009 masu bincike a Kambirij ƙarƙashin David Tuveson suka rage ta a jikin ɓeraye da wani sabon magani, maganin kansar ya shiga, ɓerayen suka ɗan ƙara kwana. Da aka kai gwajin kan mutane, sai aka dakatar da shi a 2012, domin waɗanda suka sha sabon maganin sun fi saurin rasuwa. A 2014 bincike biyu a Amurka, ɗaya na Raghu Kalluri a Hustan, suka nuna cewa idan aka kwashe ƙwayoyin ginin, kansar takan ƙara zafi, ɓerayen su mutu da wuri. Wani maganin mai narkar da sinadarin nan mai tsotse ruwa shi ma ya gaza a babban gwaji a 2019.

Nan fa'idar ta bayyana. Ashe ganuwar tana riƙe da kansar, kamar dangar karan dawa da ke tsare akuya kada ta faɗa gonar maƙwabci. A 2017 aka gano ƙwayoyin ginin ba iri ɗaya ba ne, wasu na hana, wasu na zuga. A ganina illar ta rinjayi fa'idar, amma fa'idar ta isa ta hana gaggawar rushewa, shi ya sa yanzu ake neman yadda za a lallashi ganuwar ta sauya hali.

Kafin wannan ya iso gare mu, tiyata ce kaɗai ke iya warkarwa, kuma kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke zuwa da wurin da za a iya yi masa. Shawarar da ta zo wa mai shekara hamsin ko fiye, tare da rama da bayan gida fari-fari, hoton ciki take buƙata. Daga asibitin Tambuwal akan tura mutum Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, tafiyar da ake yi a dawo a yini guda.