Saki ba ya yanke ciyarwa

Daga Gaffati zuwa Mirya har kasuwar Dole ta Damagaram, da wuya ka zaga rumfunan mata ba ka iske bazawara mai ƴaƴa biyu ko uku ba, tana ci da su da ribar ƙuli-ƙuli ko tafasa. Uban yaran yana nan da ransa, wani ma ya sake aure. In aka yi masa zancen hatsi sai ya ce ai ya sake ta. Jama'a, matar ya saki, bai saki ƴaƴansa ba.

Mu duba abin da malamanmu na mazhabar Malikiyya suke karantarwa. Matar da aka yi wa saki ɗaya ko biyu, ci da sha da tufafi da wurin kwana suna kan mijin har ta gama idda, wato tsarki uku. Suratul Ɗalaƙ ta hana a fitar da ita daga ɗakinta. In saki uku ne, tana da hakkin wurin zama. In tana da ciki, ciyarwa tana kansa har ta haihu, kuma tana iya neman ladan shayarwa. Bayan idda nauyinta ya sauka daga kansa, amma na yara yana nan: namiji har ya balaga, mace har ta tare ɗakin mijinta. To ina aka samo korar mace da dare da ƙullin kayanta?

Ta fannin hukuma kuwa, Nijar ba ta da kundin dokar iyali. An shirya shi a 1993 ya watse, an sake gwadawa a 2011, ƙungiyoyin addinin Musulunci suka ƙi, aka janye. Dokar tsarin kotuna ta 2004, da wadda ta gaje ta a 2018, sun ce a sha'anin aure da saki alƙali ya bi al'adar masu ƙara, tare da mashawarta masana al'ada. Mai gari da sarki suna da ikon sasantawa, amma tilasta wa mutum biya aikin alƙali ne. Nan ne mata da yawa suke asara: a yi sulhu da baki a zaure, mutum ya kawo tiya biyu ta hatsi wata guda, daga nan shiru.

Maza za su ce talauci ne, damina ba ta yi kyau ba. Gaskiya ne akwai rashi, shi ya sa shari'a ta ce kowa gwargwadon halinsa. Amma wanda ya samu kuɗin sadakin amarya da lefe, bai isa ya ce ya rasa jikka biyar ta ƴaƴansa a wata ba.

Wasu matan kuma tsoro ke rufe musu baki, kar su nemi kuɗi a ƙwace musu yara. Ku sani riƙon yaro daban, ciyar da shi daban. Neman hakkinsa ba rashin kunya ba ne.

Shawarata ga iyayenmu mata: ku nemi takardar saki ta kotu. Duk abin da aka yanke a gaban mai gari ko malam, a rubuta adadinsa da ranar biya, da shaidu. In ya saɓa, ku kai takardar kotun Mirya. Wadda ba ta da hali ta nemi hukumar ANAJJ, wadda aka kafa da dokar 2011 don taimakon marasa ƙarfi a shari'a.

Ga sarakuna da alƙalai kuma, a Maroko tun 2004 ba a tabbatar da saki sai miji ya ajiye hakkin matar da na yara a kotu. Su ma Malikawa ne kamarmu. Me zai hana a nan kar a sa hannu a takardar saki sai an rubuta abin da yaran za su ci? Jarin mace ba rumbun tsohon mijinta ba ne.

Allah ya sa mu gyara.