SIDA: KORA BA TA MAGANIN CUTA

Tun shekarar 1987 da aka fara gano cutar sida a Jamhuriyar Nijar, hukumomin lafiya ba su fasa faɗakarwa ba, kuma aikin ya yi albarka. Binciken ƙasa na 2002 ya nuna kusan mutum 9 cikin 1000 na baligai suna ɗauke da ƙwayar cutar. A binciken 2012 lissafin ya sauko zuwa mutum 4 cikin 1000. Amma wancan bincike na 2002 ya bayyana wani abu da bai kamata a rufe ido a kansa ba: a cikin mata masu zaman kansu, mace 1 cikin 4 tana da cutar.

Wani zai ce wannan maganar birni ce, ba ta shafi talakan Zermu ba. Ta shafe shi ƙwarai. Kowace shekara, da an gama kaka an ɗaure dammunan hatsi, samari da magidanta na gundumar Mirriya suna tafiya cin rani Damagaram, Kano, Ikko, Agadas ko Libiya. Wasu sukan yi wata shida ba su ga iyalinsu ba. In damina ta kusa su komo gida. Wanda ya ɗauko ƙwayar a can yana iya sa wa matarsa, ita kuma ta sa wa jaririnta tun yana ciki, ko wajen haihuwa, ko ta nono. Ashe lafiyar matar da ke zaune a bakin tasha tana haɗe da lafiyar uwargida a ƙauye.

Abin da aka saba yi a ƙasar Hausa shi ne kora. In ruwan sama ya yi jinkiri, sai a ce matan su yi aure ko su bar gari. A shekarar 2000, da jihar Zamfara ta Nijeriya ta kafa shari'a, da yawa daga cikinsu suka ƙetaro zuwa garuruwan kan iyaka na jihar Maraɗi. Addini da al'ada sun yi tir da karuwanci, babu gardama a nan. Amma macen da aka kora tana tafiya da cutarta, masu zuwa wurinta kuma suna bin ta. Abin da kora ke rabawa kawai shi ne ita da ma'aikacin lafiya.

Ƙasashen waje ma sun ba da darasi game da masu neman abinci da jikinsu. A Amurka, a birnin Los Anjalis, a da masu fitowa a finafinan batsa sun kasance suna yin awon jini kowane wata. Duk da haka, a 2004 namiji ɗaya ya sa wa mata uku cutar, har aka dakatar da sana'ar na ɗan lokaci. Dalili kuwa, akwai kwanakin farko da ƙwayar ke cikin jini amma awo bai ganin ta. Saboda haka a 2012 jama'ar wannan gunduma suka kaɗa ƙuri'ar tilasta kwaroron roba. Awo shi kaɗai bai isa ba, sai an haɗa da kariya. A nan kusa, tun 1969 ƙasar Senegal ta sa a rubuta sunayen irin waɗannan mata, a ba su katin likita, a riƙa duba su a kai a kai. Senegal tana cikin ƙasashen Afirka da cutar ba ta yi yawa ba.

Nijar tana da kayan aiki. Akwai dokar 2007 da aka sabunta a 2015, wadda ta hana wulaƙanta mai cutar da tona asirinsa. Maganin da ke danne ƙwayar kyauta ake ba da shi, kuma wanda ya riƙe shi kullum har ƙwayar ta daina bayyana a awo ba ya sa wa abokin kwanansa. Kwaroron roba mai suna Foula ya shiga kasuwanni da araha. Abin da ya rage shi ne kayan su isa hannun waɗanda suka fi bukata.

Nan ne aikin shugabanni yake. Ya kamata ma'aikatan likita su nemi magajiya, domin ita ce matan ke jin maganarta, su shirya ranakun awo cikin sirri da mutunci. Ya kamata jami'an tsaro kada su ɗauki kwaroron roba a jakar mace a matsayin shaidar laifi, domin wadda ta ji tsoro ba za ta sake ɗaukarsa ba. Sarakuna da masu gari da malamai su gargaɗi kowane ɗan cin rani ya je awo in ya komo, ya maimaita bayan wata uku, kuma kowace mai ciki ta je awon ciki. Waɗanda suka yi yaƙi da jahilci su karanta wa maƙwabtansu wannan bayani.

Hausawa sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Garin da ya kai wa waɗannan mata awo da magani, iyalinsa ya tsare. Allah ya ba ƙasa lafiya.