Kada ka yar da tsohuwar kwamfutarka

Ran 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10. Wasu sun ce dole a sayi sabuwar kwamfuta. Ni ban yarda ba. Da wane kuɗi?

Akwai Linux. Kyauta ne, kuma tsohuwar na'ura tana ɗaukarsa. Tawa ta shekara goma. Na sa mata Linux Mint, ga ta nan tana aiki.

Amma ɗan koyo, kar ka yi garaje. Ni na yi: na goge komi, sunayen ɗalibaina suka tafi. Fara kwashe takardunka da hotunanka tukuna. Sannan ka gwada Linux daga kile USB, ba ka taɓa Windows ba. In haruffanmu ɓ, ɗ, ƙ, ƴ suna fitowa, to, sai ka girka shi.