Wa ke da Filin Tsakiyar Unguwa?

A duk birnin da aka shata da igiya da ma'auni, akan bar wani fili tsakanin gidaje domin itatuwa da shan iska. Barinsa bisa takarda ba wuya. Tsaronsa shekara da shekaru shi ne aiki, kuma tarihin Landan, babban birnin ƙasar Ingila, ya nuna haka sarai.

Tun ƙarni na 17 masu ƙasa a Landan suka fara gina manyan gidaje kewaye da fili guda, kowace ƙofa tana kallonsa, don gidajen su yi daraja. Ba a jima ba wasu filayen suka zama juji. Haka ya sami dandalin St James's, har mazauna wurin suka kai kukansu majalisar dokoki. A 1726 aka ba su doka wadda ta yarda su aza wa kansu haraji, wakilansu su riƙe kuɗin domin shara da gyara. Unguwanni da dama suka bi sawu. Sai dai an kewaye lambunan da shingen ƙarfe, mabuɗi yana hannun masu gidaje, talaka sai leƙe. Wannan abin zargi ne, kuma har yau akwai waɗanda ke kulle.

Amma harajin bai hana kwaɗayi ba, tun da ƙasar tana da mai ita. Tsakanin 1926 da 1928 aka gina masana'antar taba sigari a kan lambun Mornington Crescent. Jama'a suka tashi tsaye, gwamnati ta naɗa kwamitin bincike, a 1931 aka kafa dokar da ta hana gini a kan filaye 461.

Birnin Yamai ya ga irin wannan. Zoben itatuwan da aka fara dasawa kewaye da shi a 1965, galibi dogon yaro, yankan filaye ya cinye masa wuri mai yawa. Ƙaramin filin unguwa kuwa ya fi shi saurin salwanta: yau rumfa, gobe katanga.

Saboda haka ya wajaba ga hukumomin gari, ranar da suka raba filayen sabuwar unguwa, su rubuta iyakokin filin jama'a cikin kundi, su kafa turaku, su sanar da mai unguwa gaban shaidu, sa'an nan su faɗi wanda zai biya ban-ruwa da ladan mai gadi.