Taliya na ƙetaro teku zuwa Dakoro, wake na kwana a rumbu

Duk wanda ya leƙa shagunan Dakoro a yau zai tarar da kwalayen taliya jibge: makaroni, sufageti, da Indomie wadda yara ke sanin sunanta tun kafin su shiga makaranta. Abincin da a da sai an yi baƙo ko biki, yanzu shi uwargida ke ɗorawa ranar da ta gaji da daka, ko itace ya yi tsada. Ba mu ga laifin kowa a nan ba. Abin da ya dame mu shi ne, da wuya a sami sili ɗaya a cikin kwalayen nan da aka yi da amfanin gonar wannan yanki.

Indomie daga Najeriya take shigowa, inda kamfanin Dufil ke da masana'antu a Ota, Fatakwal da Kaduna, kuma alkamar da yake sarrafawa mafi yawanta daga waje ake sayo ta. Ragowar taliyar, wata daga Najeriyar, wata ta jirgin ruwa. Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da takunkumin CEDEAO, hanyar Kwatano zuwa Gaya ta toshe. An cire takunkumin a Fabrairun 2024, iyakar Najeriya ta buɗe a watan Maris, amma gadar Malanbil ta ci gaba da zama a rufe. Kaya sai su sauka a Lome, su ratsa Burkina Faso cikin ayarin manyan motoci da rakiyar soja, su iso Yamai, su gangaro Maraɗi, sannan su sake yin tafiyar kimanin kilomita 120 zuwa Dakoro. Kowane kwana da mota ta yi tana jiran ayari, kuɗinsa a kan ƙullin taliyar mai saye yake faɗawa. Wanda ke Sakabal ko Bermo kuwa, nasa ya fi yawa.

A nan ne labarin wata taliya ta ƙasar Biyetnam ya cancanci a saurare shi. Siririya ce, busasshiya, idan aka jiƙa ta sai ta yi garau kamar gilashi. Wanda ya taɓa cin nem a Yamai wataƙila ya ci irinta a ciki bai sani ba. Babu alkama a cikinta. Mutanen can suna kiranta mien dong, kuma da sitacin wani saiwa ake yin ta, wanda manoman tsaunukan arewacin ƙasar ke shukawa. A ƙauyuka irin su Cu Da, kusa da Hanoi, iyalai ne ke dama sitacin, su turara shi fale-fale, su shanya a kan asabarin gora, su yayyanka. Saiwar ɗanya ba ta da wata daraja, ba ta kuma jure ajiya. Da ta zama busasshiyar taliya sai ta yi watanni ba ta lalace ba, ta shiga kwali, ta hau jirgi. A 2018 gwamnatin ƙasar ta ƙaddamar da shirin da ke neman kowace ƙaramar gunduma ta fito da hajarta guda, ana duba ingancinta, ana ba ta taurari, ana nema mata kasuwa.

Akwai kuma irin wannan taliya da ake yi a Sin da sitacin koren wake, wanda ɗan'uwan wakenmu ne na jini. Nijar kuwa tana sahun gaba a duniya wajen noman wake, Najeriya kaɗai ke gabanta, kuma ƙasar Dakoro na cikin masu zuba shi a kasuwa. Manomi na sayar da tiya da arha lokacin kaka don ya biya bashi, ko don tsoron ƙwari. Da gwamnati ta hana fitar da hatsi waje a Oktoban 2024, har da wake, an yi haka ne don abinci ya wadata a gida, sai dai manomin da ya saba da 'yan kasuwar Najeriya ya rasa babban mai sayensa. Idan an ce wake ya zauna gida, to a nemo masa aikin yi a gida.

Ba muna cewa a kwaikwayi Biyetnam ido rufe ba. Tace sitaci na cin ruwa da yawa, kuma kowa ya san zurfin rijiyoyin Dakoro. Abin da ya fi kusa da hannu shi ne garin wake, a gauraya shi da na alkama a murza taliya, da irin ɗan injin hannu da mata suka daɗe suna amfani da shi. Rana ta shanya kuwa ba a sayen ta a nan. Matan Dogon Dutse sun riga sun nuna hanya da beruwa, wadda ke tafiya cikin leda har Yamai.

Aikin da ya rage na hukumomi ne. Cibiyar INRAN da ke Tarna da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ta Maraɗi su gwada, su faɗa wa mata a fili nawa ne gwargwadon garin wake da taliya za ta ɗauka ba ta dagargaje a tukunya ba, da kuma tsawon lokacin da za ta yi a ajiye. Majalisar manoma ta jihar Maraɗi ta taimaka wa ƙungiyoyin mata da injin niƙa, leda mai kyau da buhunan PICS na ajiyar wake. Mu a ganinmu, mafi muhimmanci shi ne mai saye na farko, domin mace ba za ta zuba jarinta a abin da ba ta san wanda zai karɓa ba. Makarantun da ake dafa wa ɗalibai abinci a yankin makiyaya na Dakoro da Bermo suna sayen kayan abinci kowace shekara. A ware wani kaso na wannan kuɗi, a rubuta shi cikin kwangila, kafin waken bana ya gama fita daga hannun manoma.