Kafin mu kira matiron a cire 'yarmu daga aikin dare



Yau maganar nas-nas ɗinmu nake so mu yi, kuma dan Allah a karanta har ƙarshe kafin a yi min ca.

A watan Fabrairun 2024 shugaban hukumar kula da aikin jinya da ungozoma ta Najeriya ya ce ma'aikatan jinya sama da 42,000 sun bar ƙasar nan cikin shekara uku, fiye da 15,000 a 2023 kaɗai. Ranar 30 ga Yulin 2025 ƙungiyarsu ta NANNM ta shiga yajin aikin gargaɗi kan alawus-alawus da ƙarancin ma'aikata. Wannan duk maganar gwamnati ce, albashi ba a hannun matiron yake ba.

Amma akwai wata tafiyar da ba a ƙirga ta. Nas ta bar asibitin ƙauye ta koma birni, ta bar na jiha ta koma na tarayya, ko ta ajiye farin kayan gaba ɗaya ta kama kasuwanci. A nan ne matiron da masu kula da ɗakunan jinya suke da abin yi, a nan ne kuma wasu daga cikinmu suke ɗaure musu hannu.

Ga yadda abin yake. Aikin jinya kashi uku ne, safe, yamma, dare, ana juyawa bisa rosta. A ce ɗakin haihuwa yana da ungozoma shida. Hajiya wance ta kira waya a cire ƙanwarta daga dare saboda mijinta ba ya so. Wani babba ya aiko da 'yar takarda a bar tasa a safe kawai. Saura huɗu. Daren bai ragu ba, masu naƙuda ba su ragu ba. Waɗannan huɗun da ba su da kowa a sama su za su kwashe shi, wani lokacin har hutun da ake ba su bayan aikin dare ya salwanta. To wace ce za ta fara neman canjin wurin aiki? Ai wadda ta fi ƙwazo, don ita ce ko'ina ake so. Ranar da aka kai 'yarki haihuwa ƙarfe biyun dare, wadda za ta karɓe ta mace ɗaya ce da ta kwana uku ba barci.

Matiron ta ƙwarai ba kuɗi take rabawa ba, amma ma'aikatanta ba sa saurin guduwa. Rostarta tana manne a bango tun farkon wata, kowa ya ga nasa ya ga na wani, har Sallah ana juya ta. In nas ta yi kuskure, ofis take kiranta, ba ta tsinka ta gaban majinyata. Sabuwar da ta fito daga makaranta ba a jefa ta aikin dare ita kaɗai, ana haɗa ta da tsohuwar hannu. In ɗan uwan majinyaci ya ɗaga wa nas hannu ko ya zage ta, matiron ce ke fitowa ta tsaya mata. Ƙananan abubuwa ne ko? Su ne dai nas ke tunawa ranar da takardar wani wurin ta zo.

Sai ƙaro karatu, wanda a ganina ya fi komai riƙe mace a aiki. Nas sai ta sabunta lasisinta duk shekara uku, kuma sai ta halarci bita kafin nan. Bayan haka akwai kwasa-kwasai na ƙwarewa: ɗakin tiyata, jinyar yara, sashen gaggawa, ga kuma digiri. Wadda ta san cewa layi ake bi, baɗi ko baɗin baɗaɗa nata zai zo, za ta daure. Wadda ta ga an tsallake ta sau biyu an ba wa 'yar gata, wallahi ko jikinta na nan zuciyarta ta tafi.

Na san za a ce, to mai ciki fa, da mai goyon jariri, da mara lafiya? Gaskiya ne, suna da haƙƙin sassauci. Amma wannan ƙa'ida ce da ya kamata ta hau kan kowace ma'aikaciya, ita da kanta ta je ta gaya wa matiron. Ba sai ta biyo ta falon Hajiya ba.

Kuma ban ce mu ajiye sanayyar da muke da ita ba. Wadda ke iya ganin ciyaman ko kwamishina, ga abin da za ta kai masa: a gyara masaukin ma'aikata a asibitin garinsu, a sa wuta da mai gadi da dare, a saki ƙarin girman da ya maƙale, a turo ƙarin hannu. A wannan makon shugabar mata ta kowace mazaɓa ta ɗauki mutum biyu su leƙa asibitin da ke kusa, su tambayi matiron nas nawa take da su a takarda, nawa ne kuma suke yin dare. A turo mana amsar a guruf.