Gubar Dalma Ba Ta Jin Turanci

A shekarar 2010, gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Jihar Zamfara, irin su Dareta da Bagega. Iyaye suna niƙa duwatsun zinariya a cikin gida, ba su san ƙurar da ke tashi guba ce ba. A 2015 abin ya sake aukuwa a Jihar Neja.

A ganina, masu fafutukar kare muhalli sun cika yin taro da Turanci a manyan birane, alhali kuwa mai haƙar zinariya shirin Hausa yake saurare a rediyo. 'Yan'uwana ɗaliban harshe, wannan aiki namu ne. Mu fassara gargaɗin, mu kai shi rediyo da kasuwannin ƙauye, domin rigakafi ya fi magani.